Mu'azu Mai Gem da Lamba Taran Marnona

In ka sauka Wurno ka ce a kai ka wurin Mu'azu mai gyaran waya, ɗan kabu-kabu zai tambaye ka wanne daga ciki, don sun kai uku. Amma ka ce Mu'azu Mai Gem, kafin ka rufe baki ya ta da babur. Shagon ba wani abin kallo ba ne: kwano sama, kwano gefe, farantin sola ɗaya a kan rufi, sai wani benci da ya gaji da duniya amma aka hana shi hutu. Mai shagon siriri ne, gajeren magana, kullum da ɗan sukudireba a bayan kunne. In ka gaishe shi zai amsa da kyau, sai dai idonsa na kan wayar da ya ɓare.

Haifaffen Marnona ne, ɗa na biyu a gidan manoman gero da dawa. Mahaifinsu ya rasu tun suna ƙanana, aka bar su da mahaifiyarsu, Inna Bara'atu. Yayansa Habibullahi ya girme shi da shekara huɗu, kuma shi ne lamba tara na ƙungiyar ƙwallon garin, wato mai cin raga. Filin wasan yana nan bayan gidansu, katanga ce kawai tsakani. Habibullahi in ya ɗauki ƙwallo sai ka ji gari ya ɗauki ihu. Shi kuwa Mu'azu, Allah Sarki, ko ajiye masa ƙwallo aka yi a gabansa ba kowa kusa, sai ya shuri ƙasa ya ta da ƙura. Da aka gaji da shi sai aka ba shi gadin takalman 'yan wasa, kuma ya riƙe aikin nan da gaskiya, ba a taɓa neman silifas ko ƙafa ɗaya an rasa ba.

Inna Bara'atu ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ina ma za ta? Habibullahi ɗan fari ne, ita kuma mace ce mai riƙon kunya irin ta da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa ta kalle shi ido cikin ido. In za ta aike shi, sai ta ce wa Mu'azu ya gaya wa yayansa. Duk ranar wasa tana can bayan gida da faifai tana shiƙar hatsi, ta ce iska ta fi kyau a can, ko kai ba ta ɗagawa.

Ƙwallon Mu'azu a wani wuri yake. Wata ranar kasuwa ya biyo yayansa Wurno, suka leƙa wani gidan gem, ya ga wani tsohon wasan ƙwallo a talabijin, 'yan wasan kawunansu masu kusurwa kamar da gizago aka sassaƙe su. Ya karɓi abin dannawa a hannu, shi ke nan. Cikin wata biyu babu mai cinsa a Wurno, har da Habibullahi, wanda yake fita daga shagon yana rantsuwa cewa na'urar ce ke son kai. Nan kaɗai a duniya ƙanen yake gaban yayan, kuma dukansu biyu suna jin daɗin hakan.

Da ya tasa ya tafi Sakkwato ya koyi gyaran waya, ya dawo Wurno ya buɗe shago, ya auri Mas'uda. Lokacin nan an daina yayin gidan gem, tsohon wasan ya koma cikin wayoyi, kowa da nasa a aljihu. Wata rana da ya samu wata tsohuwar kwamfuta ta cinya, sai ya gano cewa wasan yana buɗuwa kamar yadda waya ke buɗuwa. A ciki ga sunayen 'yan wasa, ga launin riguna, ga makin kowa na gudu da ƙarfin ƙafa. Ya zauna yana kallon jerin sunayen Turawan nan da ba wanda ya san iyayensu, sai wani tunani ya faɗo masa. Me zai hana a sa namu?

To fa, faɗi ne mai sauƙi. Waɗanda suka ƙera wasan suna can wata ƙasa, sun manta da shi tun kafin Mu'azu ya fara gemu, kuma ba su bar wa kowa bayanin yadda suka ɗinka shi ba. Lalube ya yi ta yi. Gurbin ƙungiyoyi ƙayyadadde ne, in kana son ƙungiyar garin Tursa ta shiga sai ka kori wata ƙasa, haka ya kori ƙasashe takwas ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Ya canza rigar Rabah zuwa kore, sai ƙwallon ta ɓace daga fili gaba ɗaya, mutum ashirin da biyu suna ta gudu a kan babu, ya kwashe mako guda kafin ya gano inda ya taɓa. Ga kwamfutar ba ta son zafi, rana na ɗagowa take ɗaukewa. Saboda haka aikin daga sallar asuba ne zuwa hantsi, a kan bulo biyu, da maficin Mas'uda a hannun hagu. Har muryar mai sharhi ya cire ya sa tasa, ya rufe kansa a ɗaki yana kiran sunan kowane ɗan wasa da ƙarfi yana ɗauka, Mas'uda na tsakar gida tana dariya har da hawaye.

Da ya fito da shi bayan kaka, kai, sai wanda ya gani. Daga waya zuwa waya ya isa Rabah, ya isa Tursa, ya isa wurin masunta a bakin madatsar Goronyo. Mutum ya ga kansa a cikin waya da rigar garinsu, an kira sunansa! Tare da murnar kuma rigima ta zo. Mode, golan Marnona kuma aminin Habibullahi, ya ajiye babur ɗinsa na haya a ƙofar shago ya ce sai an gaya masa dalilin da aka ba shi maki hamsin da takwas a tsalle, alhali golan Tursa mai tumbi ya samu saba'in. Mu'azu ya ƙara masa biyu don a zauna lafiya. Habibullahi kuwa da ya ga nasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce an rage masa tsawo amma ya yafe.

Daga nan ya zama al'ada. Duk shekara in an gama girbi sai a fara tambaya ina na bana. Dokar Mu'azu ɗaya ce kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa: wanda ya bar ƙungiyarsa, ko aure ne ya zaunar da shi ko ci-rani ya tafi, za a cire shi a sa wanda ya gaje shi.

A bazarar shekara ta uku sanƙarau ya kama Habibullahi. Kwana uku ya yi.

Wurin zaman makoki mata suka yi ta yaba haƙurin Inna Bara'atu, don ba wanda ya ga hawayenta. Tana zaune da carbi tana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Mu'azu ya san al'ada ce, ya tashi a cikinta, amma duk da haka abin ya ci masa rai. A zuciyarsa ya ɗauka shi kaɗai ne ke jin mutuwar nan yadda ya kamata. Da kaka ta zo ya buɗe kwamfuta zai yi na bana, ya kai kan lamba taran Marnona, hannunsa ya ƙi. Hoton Habibullahi ɗaya ne tak a gidan, na katin zaɓe. Ba bidiyo, ba komai. Wannan ɗan mutum mai kai kamar akwati shi kaɗai ne wurin da yayansa yake gudu har yanzu. Ya karya dokarsa ya bar shi, ba wanda ya ce masa don me. Shekara ta zagayo ya sake barinsa.

Akwai abin da bai lissafa ba, kuma na rantse ko ni ne ba zan lissafa ba. Duk wanda ya taɓa zama inda ake buga gem ya san bakin masu bugawa. Ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo, kafin ta gama gangarawa an ambaci uwarsa. Tun zamanin gidan gem haka ake yi, sai dai a da uwar wani Bature ce a can bayan teku, ba ta ji ba balle ta damu. Da 'yan gari suka shiga wasan, masu rai suka mai da abin raha, a zage ka a waya ka rama a fili. Kunnen Mu'azu ya saba da wannan zagin har ya daina jinsa, kamar yadda mai injin niƙa ba ya jin ƙarar injinsa. Su kuma samarin Marnona suka samu wurin zama a inuwar wata bishiyar dogon yaro, daidai bayan katangar Inna Bara'atu, kullum in an yi la'asar.

Wata Laraba Mode ya tsaya a ƙofar shago bai ko kashe babur ba, ya ce Inna na kira. Mu'azu ya tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake. Suka gaisa, ta tambayi Mas'uda, ta tambayi aiki, ta ci gaba da tsintar wakenta har ya fara tunanin ko Mode ne bai ji saƙon daidai ba. Sannan ta yi magana, idonta na kan tire.

"Mu'azu, mi niy yi ma mutanen garin ga? Kullun in anka yi la'asar, sai a kira sunan yayanka bayan katangar ga, a zage ni. Shi ba shi nan balle shi rama. Ni kau ba ni iya hita in ce musu nawa na."

Mu'azu ya tambaye ta tun yaushe, ta ce damina biyu ke nan. Damina biyu tana zaune tana ji, kunya ta hana ta leƙa katanga, shi kuma yana Wurno yana ganin kansa mai riƙon zumunci.

"Ka hidda shi daga abin ga," in ji ta.

Ya ce to. Amma ɗan Adam, sai a hankali. A hanyar komawa ya shawo kan kansa cewa ai ba cirewar ce ta dame ta ba, zagin ne. Kuma me ke jawo zagi? Ɓarar da ƙwallo. To sai a yi Habibullahin da ba ya ɓararwa. Ya buɗe kwamfuta ya cika masa maki taf, gudu casa'in da tara, ƙafa casa'in da tara, kai casa'in da tara, ya raba wa mutane a matsayin gyara. Ka ji dabara! Bayan kwana goma Mode ya dawo ya zauna a kan bencin nan ya ce masa ya ɓata goma bai gyara ɗaya ba. Da can wanda ya ɗauki Marnona ne kaɗai ke zagi, shi ma sai an ɓarar. Yanzu duk wanda aka ci shi ke zagi, kuma Habibullahi na cin shida a wasa ɗaya. Mode ya ce ya yi wa samarin faɗa sun ba da haƙuri, sun yi kwana biyu suna kame baki, ranar ta uku da wasa ya yi zafi bakin ya koma inda ya saba.

Ranar Mu'azu ya rufe shago tun azahar. Kunya ta ishe shi, ga baƙin ciki, ga kuma wata gaskiya da ta fito masa fili: ko ya goge yayansa daga kwamfutarsa, bai goge shi daga ɗaruruwan wayoyin da wasan ya shiga ba. Abin da ka tura ya tafi, ba ka da igiyar jawo shi. Hanya ɗaya ce ta rage, ya yi sabon da zai fi tsohon daɗi nesa ba kusa ba, har mutane su yarda su rabu da wanda ke hannunsu. Wato ya zage ƙarfinsa duka ya yi aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, don a manta da wanda yayansa ke ciki.

Damina guda ya yi a kai. Ya zana filin Wurno da bishiyoyinsa. Ya je wani biki ya ɗauko kiɗan kalangu ya sa shi ya riƙa tashi in an ci ƙwallo, abin da ya sa alƙalin wasa ya daskare a tsakiyar fili har kwana tara kafin ya gano bakin zaren. Ya ƙara ƙungiyar 'yan albasa da ta masunta, ya kori ƙarin ƙasashe biyu. Ya ba Mode saba'in a tsalle ba tare da an roƙe shi ba. A ƙarshe ya zo kan lamba tara. Mas'uda ta ce ta ga ya tashi ya sha ruwa sau uku kafin ya danna. Ya sa sunan Halliru, matashin da ke riƙe da lambar a fili yanzu.

Wannan karon bai yarda a tura daga waya zuwa waya ba sai ta hannunsa. Mai son na bana ya kawo wayarsa, Mu'azu ya goge tsohon da kansa sannan ya sa sabo. Ranakun kasuwa ya bi, Mode na ɗauke da shi: Rabah, Tursa, Goronyo, Marnona. Yawanci ba gardama, kalangun kaɗai ya isa. Wani masunci a Goronyo ya ƙi, ya ce shi da tsohon ya saba kuma da lamba taran nan yake cin kowa. Mu'azu, wanda bai iya dogon bayani ba, ya tsaya a bakin ruwa ya gaya masa dalili a taƙaice. Mutumin ya goge hannunsa a riga ya miƙo wayar. Ya san akwai waɗanda suka ɓoye, akwai wayoyin da suka tafi Legas da Neja da tsohon a ciki, waɗannan sai dai Allah. Amma a ƙarƙashin dogon yaron Marnona, sunan Halliru ake kira yanzu, kuma Halliru yana nan da ransa da bakinsa, yana ramawa.

Saura kwafi ɗaya, na cikin kwamfutarsa. Ya yanke shawarar a gaban Inna zai goge, don ta san ya cika umarni, don kuma shi kaɗai ba zai iya ba. Ya isa Marnona da sassafe kafin rana ta hana kwamfutar aiki, ya ɗora ta a kan turmin da aka kifa, ya yi mata bayani. Ta saurara. Da ya kai hannu, sai ta ce ya dakata, tana so ta ga abin da aka yi ta zaginta a kansa.

Ya kashe sautin gaba ɗaya, don kada sunan ya fito a gabanta. Ya sa na'urar ta buga da kanta, Marnona da Tursa. Ya nuna mata da yatsa wanda yake lamba tara. Inna Bara'atu ta gyara mayafi ta matso, ta ƙura wa ɗan mutumin nan ido, irin kallon da Mu'azu bai taɓa ganin ta yi wa mai lambar ba yana da rai.

"Ba haka shike gudu ba," ta ce.

Mu'azu ya ɗago.

"Kahwaɗatai ta hagu shike sa gaba, tun da yah hwaɗo bisa jaki shina ƙarami. Kuma in za ya buga, sai ya ɗan tsaya awa mai shawara. Wanga naka gaggawa gare shi."

Gaskiya ne. Wallahi gaskiya ne, kuma shi da ya yi shekaru yana gadin takalma a bakin fili bai taɓa lura ba. Ya buɗe baki zai tambaye ta inda ta gani, sai ya tuna faifai, ya tuna shiƙa a bayan gida, ya tuna wata tsaga a katangar da ba a taɓa liƙewa ba duk yaɓen da ake yi kowace shekara. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa. Shekara da shekaru yana zarginta a zuci, ashe ba wasa ɗaya da ya wuce ta.

Ta tambaye shi ko ya cire shi daga na mutane. Ya ce ya cire. Ta ce to wannan ba na mutane ba ne, ya tafi ya gyara kafaɗar ya kawo.

Sati uku ya yi. Salon gudu huɗu ne kacal a cikin wasan, babu mai karkata kafaɗa, sai da ya lanƙwasa ɗaya da hannu, gaɓa bayan gaɓa, ya ɓata ya sake ya fi sau ashirin. Ya mai da makin yadda yake tun farko, don Habibullahi na gaskiya yana ɓararwa. Ya cire duk wurin dannawa, ya bar wasan yana buga kansa, ba mai riƙe kowa balle ya zage shi. Ya zuba a tsohuwar wayar Mas'uda, ya kai Marnona. A duk abin da ya taɓa yi, wannan ne kaɗai na mutum ɗaya.

Ya zauna gefenta a kan tabarma ya kunna. Garin ɗoki ya manta da sauti. Ƙwallo ta bar ƙafar Mode, ta ratsa tsakiya, ta isa wurin lamba tara. Ɗan mutumin ya sa kafaɗar hagu gaba, ya ɗan tsaya. Sai muryar Mu'azu ta shekarun baya, wadda ya ɗauka a ɗaki Mas'uda na dariya, ta fito daga wayar ta kira sunan cikakke, tana jan ƙarshensa.

Da sauri ya kai yatsa zai kashe. Inna Bara'atu ta riƙe masa hannu, idonta na kan wayar.

"Ba ni ji da kyau," ta ce. "Ƙara."